Shagon da ke buga sara a riga da bayan adaidaita, ga abun da na gani

Masu tambayata inda muka buga rigunan ƙungiyar ƙwallon unguwarmu da kuma sitikar da ke bayan adaidaitan ƙanina, to ga bayanin gaba ɗaya, don wallahi na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya. Shagon yana wani lungu ne ta bayan Titin Gidan Zoo a Kano, ɗan ƙarami ne sosai, kwamfuta ɗaya, injin yankan fleks (ledar rubutu da ake gasawa a jikin riga), injin gasa riga, sai janareto a bakin ƙofa yana ta hayaƙi. Ba zan kama suna ba don kar a ce an biya ni talla, kuma dama akwai wajen da zan ɗan caccake su. A taƙaice dai, in riga ce ko sitika ku je kanku tsaye, in kuma kofin shayi ne ko hula to gaskiya ku nemi wani wajen.

Buga rubutu a riga ai ba wani abu bane yanzu, duk yaron da ya iya CorelDraw, manhajar zane a kwamfuta, ya samu inji zai buga maka ko mene ne ka kawo. Abun da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba shine mai shagon ya san sara, wato irin Hausar nan ta matasa da ake yi a majalisa da gidan kallon ƙwallo da kasuwar waya, kuma ba wai ma'anarta kawai ya sani ba, ya san wadda za ta daɗe, ya san wadda za ta mutu tun rigar bata koɗe ba, ya san kuma wadda za ta jawo maka rigima a hanya. Yana da wani dogon jeri a kwamfutarsa na maganganun da mutane suka fi kawowa, kana zama zai juyo maka da sikirin yace Oga duba nan tukunna.

Yaranmu na ƙungiya su abun da suka so a rubuta a bayan rigar shine "Shegun Unguwa". Duk wanda ya taɓa zama gidan kallo ya san in ɗan wasa ya yanke mutum uku ya zura ƙwallo, ihun da za ka ji shine shege! kuma yabo ne tsantsa, har da tafawa. Haka in abokinka ya ɗinko sabuwar shadda ta zauna masa zaka ce shege mutumina, ba wanda zai ji haushi. Mai shagon ya kalli kyaftin ɗinmu yace, mutumina a baki daban a jikin riga daban, in ka faɗa da baki akwai dariya akwai murya, riga kuwa bata da murya, za ka wuce ta ƙofar masallaci dattijo ya karanta, shi kuma ma'anar da ya sani ɗaya ce, zagin iyaye. Bai ce ba zai buga ba fa, cewa yayi in kun dage zan buga amma ku sani. Ƙarshe dai "Mazaje" aka saka a baya, gaba kuma "Ana Tare" da ƙananan baƙaƙe, kuma har iyayen yaran ba wanda yayi ƙorafi.

Wannan abu na juya mummunar kalma ta koma yabo ya yi yawa a Hausar yanzu in ka lura. Mugun kyau, bala'in daɗi, masifar tsada, azabar kyau, duk ƙarfafa magana ake da su ba wai wani bala'i ake kira ba, amma ka faɗi "abincin nan yayi bala'in daɗi" a gaban kakarka ka ji abun da zata ce maka, kai dena kira mana bala'i a gida. Kwaro ma haka, in aka ce wane kwaro ne a gyaran waya ana nufin gwani ne na ƙarshe, ba sauro ko kyankyaso ba. Ita kwaro ba matsala a riga, masu gyaran waya na Farm Centre ma zasu so ta.

"Ana tare" kam ita ce sarauniya, mai shagon yace ita aka fi bugawa kuma ita ce bata tsufa. Ni ina ganin dalili shine tana aiki ko ina. Za ku rabu da aboki, ana tare. Wani yayi rashi ko ya shiga matsala, ana tare. Ɗan siyasa ya zo wucewa, ana tare Oga. In an so a ƙara mata gishiri a ce ana mugun tare. Sannan akwai amfaninta na huɗu wanda kowa ya sani amma ba a faɗa, wato ka je wa mutum da buƙata ya saurare ka tsaf ya dafa kafaɗarka yace ba damuwa ana tare, to ɗan uwa ka kama gabanka kawai, ba abun da za ka samu, ƙanwar "za mu yi waya" ce da "zan neme ka". Saboda haka in ka ga ta a ƙirjin mutum kai ka zaɓi wadda ka ga ta dace da shi.

Gaisuwar "ya ne?" da amsarta "nomal" ko "ba yawa" suma suna cikin jerin, ana yawan buga su gaba da baya, tambaya a gaba amsa a baya, kuma yana kyau ba laifi. Sai dai gaisuwar tsara ce, ba a yiwa uba ko suruki ko malami, wanda duk ya cewa babansa ya ne to ya shirya jin abun da zai biyo baya. "Ba yawa" ɗin nan tana ruɗa manya don su a wajensu yawa kishiyar kaɗan ce, sai su ce mene ne ba yawa? alhali a turancin buroka na kudu yawa na nufin matsala ko rigima, shine yaran suka ɗauko suka haɗa da "ba" tamu ta zauna daram kamar dama can Hausa ce. Irin wannan aron ba sabo bane kuma ba hanya ɗaya yake bi ba, su ma ai sun kwashi wahala da wayo da shikenan daga wajenmu.

Sauran da na gani a jerin, wasu zan wuce su da sauri don kowa ya sansu. "Ina yinka" wato kana burge ni ina goyon bayanka. "Ta samu" in harka ta faɗa. "Mu ware" wato mu bar wajen. "Ya kwafsa" in mutum ya yi abun kunya ko ya ɓata aiki. "Akwai cafta" in an samu sabon labari mai zafi ko wata rigima da za a zauna a tattauna, wannan mata sun fi riƙe ta. "Ya ba da citta", "ya ba da kala", "ya ba da wuta", duk yabo ne ga abun da ya ƙayatar, wasa ne ko ɗinki ko biki. "An wuce wajen" ita kuma tana da ɗan gatse a ciki, ana faɗinta in mutum ya dawo da tsohon zance ko tsohon yayi, kuma abun dariya ita kanta an kusa wuce wajenta.

A nan ne mai shagon yake da wata shawara da na ga ta yi ma'ana. Yace sara kamar ɗanyen tumatir take, wadda ta fito daga wani bidiyon TikTok ko wani fim ɗin Kannywood da ake yayi yau, kar ka buga ta a riga mai tsada, ka buga a mai arha wadda in ta kwana biyu za ka mayar da ita ta barci. Kuma gaskiya ne, ku tuna maganganu nawa muka yi ta yi kamar ba gobe yanzu in ka faɗa sai yara su kalle ka. Wasu kuma ba mutuwa suke ba, shigewa suke cikin Hausa su zauna har a manta sara ce. Gaye da gayu ai yanzu har tsofaffi na cewa yaron nan ya cika gayu. Murtala da ake cewa naira ashirin, saboda hoton Janar Murtala Muhammad da ke jikin takardar tun da aka fito da ita a 1977, da Wazobiya ta naira hamsin da ta fito a 1991, wadda sunanta haɗin "zo" ne a Yarbanci da Hausa da Ibo, waɗannan sun yi zamani sosai, amma yanzu da kuɗin kansu ba abun da suke saya sai ka ga yaro ɗan shekara goma sha bai ma san ana kiransu haka ba. Shi kansa sunan adaidaita ai haka ya samu, A Daidaita Sahu shiri ne na gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau da ya mulki Kano daga 2003 zuwa 2011, aka kawo babura masu ƙafa uku a lokacin don ɗaukar mata, sai sunan shirin ya manne musu, da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni a Janairun 2013 kuwa sai suka cika gari, yau ga shi har an gajarta ana cewa ɗan sahu. A wasu garuruwan Keke Napep suke cewa, shima sunan shirin yaƙi da talauci ne na zamanin Obasanjo.

To maganar sitikar bayan adaidaita. Rubutun jikin mota daɗaɗɗen abu ne, tun manyan motocin katako da ake rubutawa Haƙuri maganin zaman duniya, Hassada ga mai rabo taki ce, Zafin nema baya kawo samu, Ɗan Adam mai wuyar gane hali. Yawanci habaici ne ga wani wanda shi mai motar kaɗai ya san ko waye. 'Yan sahu sun gaji abun amma sun gajarta shi, don wajen rubutun kaɗan ne kuma na baya a cikin gosulo yake karantawa. Ƙanina "Ko a jikina" ya zaɓa, kowa ya san ƙarashenta ba sai an rubuta ba. An yanka masa da leda mai ƙyalli wadda in fitilar mota ta haska da dare take fitowa fes, an manna a miƙe ba kumfar iska a ƙasa, rana ta dake ta ruwan sama ya dake ta har yanzu gefe bai ɗago ba. Kuma yaron da ya manna ya kula bai rufe lamba ba, yace kar 'yan KAROTA masu kula da hanya a Kano su tare shi a kan abun da bai kai ya kawo ba. Wannan aikin na basu maki cikakke.

Akwai waɗanda in ka kawo mai shagon zai ɗan ja ka gefe. "Gara" misali, wato wanda bai waye ba ake cutarsa cikin sauƙi, an samu gara an wanke shi, wasu na so su bugawa abokinsu don tsokana ranar bikinsa, yace ya sha gani wasa ya koma faɗa don ango zai yi dariya amma dangin amarya ba zasu yi ba. "Ɗan ƙarya" ma haka, a bakin matasa ba maƙaryaci ake nufi ba, mai son nuna arziki ne, babbar waya, turare mai tsada, ko da kuwa bashi ne, to amma a rubuce maƙaryaci kawai mutane zasu karanta. "Kalar gaban mota" da ake cewa yarinya kyakkyawa wadda ta dace da kujerar gaba, 'yan mata na kawowa da kansu, ni dai ra'ayina wannan magana a bakin samari ma bata cika min daɗi ba balle a rataya ta a jiki, amma kowa da ganinsa. Sai "Aboki". A Kano kalma ce mai daɗi, amma duk wanda ya zauna Legas ko Fatakwal ya san yadda wasu ke amfani da ita can, a kira duk ɗan arewa da ita cikin raini, mai gadi ne ko mai facin takalmi ko mai sayar da albasa. Akwai samarin da da gangan suke bugawa su saka a can don nuna basa jin kunyar asalinsu, wannan kuma na fahimce su, amma gara mutum ya san abun da ya saka kafin ya hau motar kudu.

Wanda baya bugawa ko nawa za ka biya su ne ashar, sunayen daba, da sarar 'yan shaye-shaye. Yace tun ma kafin gwamnatin tarayya ta hana kodin a watan Mayun 2018 baya yi, duk wani "ana caji" ko "muna sama" sai dai ka kai wani wajen. Na ji daɗin wannan, duk da ita caji ɗin tana da wata ma'anar mai tsabta, ka caja min kai, wato ka ruɗa ni ko ka dame ni da lissafi.

Wani abun da ya burge ni wanda masu buga rubutu da yawa basa kulawa da shi shine baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. A waya duk muna sakaci da su a gane daga zancen, amma a riga kalma biyu ce ko uku ba wani zance da zai taimaka, baki da baƙi ba ɗaya bane, fada da faɗa ba ɗaya bane, kafa da ƙafa haka, bari da ɓari kuwa Allah ya kiyaye a yi kuskurensu a rigar biki. Matsalar ita ce yawancin salon rubutun nan masu ado na kwamfuta basu da waɗannan baƙaƙe, kana dannawa sai wani ɗan akwati ya fito ko harafin ya canza kama ya bambanta da 'yan uwansa. Shi sai ya rubuta k ko d ɗin talaka ya zana mata lanƙwasar da hannu a CorelDraw har ta saje. Har ya san 'yan Nijar ƴ suke rubutawa inda mu muke saka 'y, don yana samun masu zuwa daga Maraɗi da Damagaram in sun shigo sari Kantin Kwari. Su ɗin ma Hausarsu ta titi da tamu akwai tarko a tsakani, can mushe malamin makaranta ne, daga Faransanci suka aro, nan kuwa kun san abun da mushe yake nufi, haka jika ɗaya a wajensu sefa dubu ce.

Yanzu inda suka kwafsa. Na farko alƙawari. In yace gobe to ka ƙara masa kwanaki a ranka, kullum da uzuri, ba wuta, mai ya ƙare a janareto, yaro bai zo ba, leda ja ta ƙare sai an shiga kasuwa. In rigar biki ce ko ta wasan ƙarshe kar ka kuskura ka kai a ƙurarren lokaci. Na biyu in mai shagon baya nan yaransa ne a kan kwamfuta to ka tsaya a kansu, don a wasu daga cikin rigunanmu sun haɗe kalmomin suka buga "Anatare" kamar sunan wani magani, da muka mayar dai ya karɓa ba gardama ya sake mana kyauta har da ba da haƙuri, amma riga ce ta lalace kuma lokaci ya tafi. Na uku kofi. Na ba da a buga min "Sai a hankali" a kofin shayi, rubutun ya fito a karkace kuma launin ya yi fari-fari tun ba a je ko ina ba, da alama ko zafin injin ne bai kai ba ko kofin ne ba mai kyau ba. Hula kuma basu da injin monogiram mai ɗinka rubutu da zare, fleks suke mannawa, shi kuwa fleks a kan abu mai lanƙwasa baya zama, gefe-gefen ya fara ɗagowa da wuri. Wajen zama ma babu kirki, benci ɗaya ne, ga zafin injin ga na gari.

Ga masu niyyar zuwa, ku san irin bugun da kuke so don ba ɗaya bane. Fleks shine wanda ake yankawa a gasa a jikin riga, ya fi dacewa da rubutu zalla da lambar 'yan ƙwallo, launi ɗaya ko biyu. In rigunan na da yawa sosai kuma zane iri ɗaya ne to bugun sikirin ya fi arha, don allo ɗaya ake yi wa kowane launi a yi ta bugawa, amma a kan riga biyu ko uku asara ne. Wanda ake cewa sabilimeshan kuma sai farar riga mai roba-roba irin jesi, baya kama auduga kuma baya fitowa a baƙar riga, duk wanda yace maka zai yi to kuɗinka yake so. In ka zo da rigarka ya fi sauƙi, ka shiga Kwari ka ɗauko sababbi ko Ƙofar Wambai in gwanjo mai kyau kake so, nasu na shago sun ɗan yi shara-shara kuma sun ɗora riba. Wajen wanki a juya rigar ciki ya koma waje, ban da bilic, ban da murza wajen rubutun, kuma kar a ɗora dutsen guga kai tsaye a kansa, mai wanki da guga in baka gaya masa ba zai narkar maka da shi.

Kuɗinsu tsaka-tsaki ne, ba su fi kowa arha ba, amma in aikin ya kai dozin yana ragi mai kyau in ka iya ciniki. Ana ba da rabi kafin alƙalami, cikon in an gama, suna karɓar tiransifa. Kafin a yanka ledar ka sa a nuna maka rubutun a sikirin ka karanta harafi bayan harafi, in da hali ka ɗauki hoto ka turawa wani babba a gidanku ya gani. Ranar Juma'a basa buɗewa sai an sauko daga masallaci, kuma shi mai shagon an fi samunsa da yamma bayan la'asar.